Taransifoma Ba Ta Ƙirƙirar Wuta, Canji Kawai Take Bayarwa

Duk wanda ya yi bazara a unguwa mai cunkoso, a Kano ne ko Zariya ko Gusau, ya san irin wannan daren. An kawo wuta bayan sallar isha'i, yara sun yi ihun murna, amma ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashin da ya fara mutuwa. Fanka tana juyawa da ƙyar har kana iya ƙirga fukafukanta, firji kuma sai gurnani yake yi ya kasa tashi. Sai ka ji maƙwabci ta bayan katanga yana cewa yau ma lo karant aka kawo. Idan ka taka bakin titi inda taransifomar unguwa take zaune a kejinta, za ka ji tana ƙugi, iskar da ke kewaye da ita ma ta ɗumama. Bayan 'yan kwanaki a ji ƙara, a ga tartsatsi, shi ke nan unguwa ta shiga duhu na makonni, matasa su fara bi gida gida da littafin karo-karo.

Wannan suna da muka laƙaba wa matsalar, lo karant, ya juya mana ita a baibai. A irin wannan dare karant bai yi ƙaranci a jikin taransifoma ba, yawa ma ya yi, kuma yawan nasa ne ke kashe ta. Abin da ya ragu wani abu ne daban.

Abu uku ake aunawa a harkar lantarki, mu kuwa duka ukun "ƙarfin wuta" muke ce musu, daga nan ruɗanin ya samo asali. Akwai bolteji, wato matsin da ke tunkuɗa wuta ta bi waya, ana auna shi da bolt. Akwai karant, wato yawan wutar da ke wucewa ta cikin wayar a kowace daƙiƙa, ana auna shi da amfiya. Sannan akwai aikin da wutar ke iya yi, tafasa ruwa ko juya injin markaɗe, wanda ake aunawa da wat, kuma ana samun sa idan an ninka bolteji da karant. Dutsen guga mai wat 1,000 a gidan da wuta ke shiga da bolt 230 yana jan kimanin amfiya 4.3.

Misalin da ya fi zaunar mini da abin a rai shi ne na kuɗi. Naira 10,000 tana iya zama takardar dubu guda 10, tana iya zama takardar ɗari guda 100, ko 'yan hamsin-hamsin guda 200. Girman takardar shi ne bolteji, yawan takardun shi ne karant, jimillar kuɗin kuma ita ce wat. Taransifoma mai ba da canji ce. Ka miƙa mata manyan takardu kaɗan ta ba ka ƙanana masu yawa, ko ka kawo ƙanana ta haɗe maka su zuwa manya. Abin da ba za ta taɓa yi ba shi ne ta ba ka fiye da abin da ka kawo. Ɗan la'ada ma take cirewa, wanda ke fita a matsayin zafi, kodayake manyan taransifomomi masu lafiya suna miƙa sama da kashi 98 cikin 100 na abin da aka ba su.

Wanda bai taɓa ganin an buɗe ta ba yakan ɗauka akwai wani inji a ciki saboda ƙugin da take yi. Babu abin da ke juyawa a cikinta. Falle-fallen ƙarfe ne sirara aka jera aka matse su suka zama ginshiƙi, aka naɗe shi da wayar jan ƙarfe kashi biyu, naɗin da wuta ke shiga da naɗin da take fita, aka tsoma su duka cikin mai. Naɗin biyu ba su taɓa juna. Babu wata waya da ta haɗa su. Maganaɗisu ne ke ɗaukar saƙo daga wannan zuwa wancan.

Michael Faraday ne ya fara ganin haka, a Landan, cikin watan Agustan 1831. Ya samu zoben ƙarfe ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata a ɗaya gefen. Ta farko ya haɗa ta da batir, ta biyu kuma da ma'auni mai allura. Allurar ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batirin, ta koma ta kwanta, ba ta sake motsi ba sai da ya cire shi. Ke nan ba kasancewar maganaɗisu ke haifar da wuta a naɗi na biyu ba, canzawarsa ce. Shi ya sa taransifoma ba ta aiki da wutar batir ko ta farantin sola kai tsaye, domin wannan wuta hanya ɗaya take bi ba ta sauyawa. Wutar da ke zuwa mana ta falwaya kuwa kai-komo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, maganaɗisun cikin ƙarfen yana tashi yana faɗuwa ba hutu. Wannan kai-komon yana sa ƙarfen ya ɗan miƙe ya ɗan tsuke sau 100 a daƙiƙa, shi ne ƙugin da kake ji.

To ta yaya ake sanin irin canjin da za ta bayar? Ƙirga zagayen waya ake yi. Tun da maganaɗisu ɗaya ne ke ratsa naɗin biyu, kowane zagaye guda rabonsa na bolteji daidai yake da na ɗan'uwansa. Idan naɗin shiga yana da zagaye 1,000 aka ba shi bolt 230, na fita kuma zagaye 100, bolt 23 za su fito. Ka juya lamarin, ka shigar da wuta ta naɗin mai zagaye kaɗan, sai bolteji ya ninku sau 10. Karant kuma akasin haka yake bi. Idan abin da ka jona a gefen bolt 23 yana jan amfiya 10, wato wat 230, gefen bolt 230 amfiya 1 kacal zai ja daga layi. Lissafin ya tashi daidai a gefe biyu.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa a nan, domin shi ne mabuɗin duk abin da ke faruwa a unguwanninmu. Taransifoma ba ta tura karant. Kayan da aka jona ne ke ja. Duk sa'ad da wani ya kunna hita, karant ya gudana a naɗin fita, wannan karant yana haifar da nasa maganaɗisun da ke ƙoƙarin rage wanda ke cikin ƙarfen, nan take naɗin shiga ya ƙara jan wuta daga babban layi don cike giɓin. Haka abin ke tafiya da kansa, ba tare da wani ya taɓa komai ba. Ba ta san ta ce ya isa ba. Abin da aka nema za ta bayar, ko da ya fi ƙarfinta, har sai takardar da aka naɗe wayoyinta da ita don kada su taɓa juna ta ƙone.

Wanda ke son ya ga wannan lissafi da idonsa ya je wurin mai walda, musamman masu amfani da injin da aka haɗa a gida, wanda ba a rufe shi da komai ba. Ka durƙusa ka duba. Za ka ga naɗi biyu a jikin falle-fallen ƙarfe. Ɗaya siririyar waya ce mai zagaye da yawa, ita ke karɓar wuta daga soket. Ɗayan kuwa waya ce mai kauri, wani lokaci kamar ɗan yatsa, zagayenta kaɗan ne, ita ke kai wuta zuwa sandar walda. Kaurin nan ba ado ba ne. Yayin da ake walda, bolteji a bakin sandar bai wuce bolt 20 zuwa 30 ba, amma karant yakan haura amfiya 100, kuma shi ne ke narkar da ƙarfe. Bolt 25 sau amfiya 120 wat 3,000 ke nan, wanda a gefen soket zai zama amfiya 13 a lissafi, a zahiri ma ya fi haka. Shi ya sa da ya ɗana sanda fitilun maƙwabta suke ƙiftawa. Kwayil ɗin mota akasin wannan yake yi. Yana karɓar bolt 12 na batir, ana datse wutar da sauri kamar yadda Faraday ya yi da hannunsa, ya fitar da dubban bolt da ke tsallaka bakin fulogi, da karant ɗan mitsitsi.

Sai tambayar da ta fi kowacce: me ya sa ake wahalar ɗaga bolteji a sake sauke shi, maimakon a aiko mana da bolt 230 tun daga tashar wuta? Amsar tana jikin waya. Kowace waya tana da turjiya, kuma wutar da ke bi ta cikinta tana ɗumama ta. Zafin nan asara ne, kuma ba ya bin karant ƙafa da ƙafa, tsalle yake yi. Karant ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Ya ninka uku, zafi ya ninka tara. Ya ninka goma, zafi ya ninka ɗari. Ɗan kasuwar da zai yi doguwar tafiya da kuɗi ba ya ɗaukar buhun 'yan hamsin-hamsin, manyan takardu yake nema, sai ya isa kasuwa ya nemi canji.

Thomas Edison ya ci karo da wannan katanga. Tashar da ya buɗe a titin Pearl a birnin New York a 1882 tana ba da wuta mai bin hanya ɗaya a kimanin bolt 110, kuma ba ta iya kai wa gidajen da suka wuce kusan mil guda ba, domin babu hanya mai sauƙi ta ɗaga irin wannan wuta. A 1885 injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a Budafest suka fito da taransifoma mai rufaffen ƙarfe, a 1886 William Stanley ya haskaka garin Great Barrington a Amurka da wuta mai kai-komo, zuwa 1891 kuwa an aika wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tafiyar kilomita 175. Daga nan wuta mai kai-komo ta yi galaba a kan mai bin hanya ɗaya.

Tsarin da muke kai ke nan har yau. Janaretocin da ke madatsar Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, da na Shiroro a kan kogin Kaduna, suna fitar da wuta a bolt dubu goma sha wani abu. Tun a harabar tasha ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000, ta hau manyan turakun ƙarfe, ta bi ta Mando a Kaduna ta isa Kumbotso a Kano. A can a sauke ta zuwa 132,000, daga nan 33,000, sannan 11,000, wadda ke bin wayoyi ukun nan na can saman falwaya. Layin da ke kai wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai ma na bolt 132,000 ne. A ce megawat 100, wato wat miliyan 100, za a tura. A bolt 330,000 kowace waya za ta ɗauki kusan amfiya 175. Da a 11,000 za a tura ta, sai ta ɗauki sama da amfiya 5,000, wato ninki 30, zafin da za a yi asara a waya iri ɗaya kuma ninki 900. Wutar ba za ta ma iso ba.

Taransifomar unguwa ita ce ta kusa da ƙarshe a wannan jerin. Ta ƙarshen tana cikin cajar wayarka, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa mai ɓawo, wadda ke taimakawa a sauko da wuta zuwa bolt 5.

A jikin ta unguwa akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta bayananta. A ce an rubuta 500 kVA, bolt 11,000 zuwa 415. Wannan kVA ma'aunin nauyin da za ta iya ɗauka ne, bolteji sau karant a lissafin dubbai. Bolt 415 shi ne tsakanin layi da layi a cikin layuka ukun da take fitarwa, waɗanda masu gyaran wuta ke kira fes. Tsakanin kowane layi da waya ta huɗu, nutural, kimanin bolt 240 ne, kusa da 230 ɗin da muke lissafi da shi, shi ke shiga gidaje. Idan ta ɗauki cikakken kayanta, amfiya 26 kawai take ja daga sama, amma tana fitar da kusan amfiya 695 a kowane layi. Ka ɗaga kai ka gani: wayoyin da ke sauko mata daga sama sirara ne, waɗanda ke fita daga cikinta kuwa kaurara. Ba a rubuta ƙarfinta da wat ba, da kVA aka rubuta, saboda ita karant ne ke ɗumama ta, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Injina masu juyawa, irin su samo na rijiyar burtsatse da injin niƙa da firji, suna jan wani kaso na karant da ke kai-komo kawai tsakaninsu da layi ba tare da ya zama aiki ba, amma duk da haka sai ya bi ta cikin naɗinta.

Yanzu mu koma daren nan na bazara. An kafa taransifomar lokacin da gidajen unguwa ba su kai rabin na yanzu ba, kuma galibinsu fitila da fanka da rediyo ne. Yau ga na'urar sanyaya ɗaki, ga firji, ga hita, ga shagunan ƙanƙara. Ƙari a kan haka, wuta ba ta daɗewa, don haka da an kawo kowa zai kunna komai lokaci guda, mai guga ya yi guga, mai rijiya ya tayar da samo kafin a ɗauke. Karant ya yi sama. Yawan karant a cikin wayoyin falwaya, waɗanda da yawansu sirara ne masu ɗauri-ɗauri, yana cinye bolteji a hanya. Gidan da ke kusa da taransifoma ya samu abin da ya samu, na ƙarshen layi ya tashi da bolt 150 ko ƙasa da haka. Gaskiya ne cewa tsohon ƙwan fitila mai zare yana jan karant kaɗan idan bolteji ya faɗi, wataƙila daga nan sunan ya fito. Amma injin firji da na famfo, idan matsi ya ragu, ƙara jan karant suke yi don su juya kayansu, su yi zafi, wani lokaci su ƙone.

Sai kowa ya nemi sitabilaiza, ita ma kuwa taransifoma ce, mai zaɓar yawan zagaye da kanta, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji tana yi. Tana ɗaga maka bolt 140 zuwa 230, amma da me take biya? Kayan wat 1,000 da ya kamata su ja amfiya 4.3, yanzu sama da amfiya 7 za su ja daga layi, zafin da wannan kaso ke haifarwa a waya ya kusa ninka uku. Ban ga laifin wanda ya saye ta don ya kare firjinsa ba. Sai dai idan gida ɗari suka yi haka, bolteji ya ƙara faɗuwa, sitabilaizoji su ƙara ja, nauyin duka ya koma kan akwatin nan na bakin titi.

Abin da ke kashe ta zafi ne, kuma a hankali yake yi. Takardar da aka naɗe wayoyinta da ita tana tsufa, kuma injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 8 bisa ƙa'ida yana raba kwanan takardar biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40, sararin da ya rage mata kaɗan ne. Man da ke cikinta aiki biyu yake yi, yana kwashe zafi ya kai shi ga fukafukan ƙarfen da ke jikinta, yana kuma hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya. Wanda ya zo da dare ya zuƙe man nan, ko rabinsa ne, ya riga ya yanke mata hukunci, ko da ta ci gaba da aiki na 'yan kwanaki.

Tana da mai tsaro guda, fiyus. An yi shi ne don ya narke idan karant ya wuce iyaka, ya mutu a madadinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke yi da shi. Fiyus ya tsinke sau biyu sau uku, mutane su gaji, a kira wani ya ɗaura waya mai kauri a gurbinsa, kowa ya yi murna wuta ta daina yankewa. Tsinkewar nan kuwa ita ce kaɗai hanyar da taransifoma ke faɗa mana kaya sun yi mata yawa.

Haka batun canza fes. Gidaje da dama sun jawo layi biyu ko uku, da wannan ya yi rauni sai a zare fiyus a mayar kan wancan. Kowa yana neman layin da ya fi haske, sai a taru a kansa. Taransifoma tana iya ƙonewa alhali jimillar kayanta bai kai 500 kVA ba, domin naɗi ɗaya na ɗauke da amfiya 900, sauran biyun suna hutawa. Rashin daidaiton nan yana kuma loda wa nutural kaya. Ranar da ta tsinke, ko aka sace ta, bolteji a wasu gidaje yakan yi tsalle ya doshi 400, talabijin da caja su tashi aiki lokaci guda. Shi ne muke kira hai karant, nan ma bolteji ne.

Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki a Najeriya ta sha bayyana cewa gyara da sauya taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba, kuma ya kamata mutanen unguwa su riƙe wannan. Amma ko wa ya saya, sabuwar da aka ɗora wa kayan da suka kashe tsohuwa ita ma tafiya za ta yi. Abin da ya dace a nema tun kafin ta buga shi ne ma'aikatan kamfani su zo da ma'aunin nan mai baki kamar na ƙaguwa, su maƙala shi a kowace waya cikin ukun da misalin ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, a gwada abin da ya nuna da abin da ke rubuce a allon jikinta. Idan layi ɗaya ne ya yi nauyi, a rarraba gidaje. Idan duka ukun sun haura, unguwa ta girmi taransifomarta, sai a raba layin a kafa ta biyu kusa da gidajen ƙarshe, inda wayar bolt 11,000 za ta kai wutar da amfiya kaɗan maimakon ɗaruruwa.